Wankin Filash Kyauta a Shagon Yaya

Ranar da Auta ya yanke shawarar raba layinsu da bairos na kwamfuta har abada, bai nemi shawarar kowa ba, domin a ganinsa duk layin babu mai kan da ya isa a tambaya. Kwali ya samo a bayan kemis, ya rubuta da jan maka: WANKIN FILASH KYAUTA, RANAR ASABAR, KOWA YA KAWO NASA. Ya rataye a ƙofar shagon hoto, ya ja da baya ya riƙe ƙugu yana kallo kamar wanda ya kammala ginin bene.

Shagon ba nasa ba ne tun asali. Na yayansa ne, mai ɗaukar hoto, wanda ya kwanta ɗan ciwo ya tafi ya bar kyamara a rataye, da labulen bango mai zanen teku, da kujerar da ake zaunar da mutane a ce su ɗaga haɓa. Ya kuma bar kwamfuta, da wani ƙaramin akwatin ajiya baƙi da ke maƙale da ita da waya, inda ya tara aikinsa duka. Auta ya gaji shagon amma bai gaji hannun ba. Mutumin farko da ya ɗauka hoton fasfo, kunne ɗaya ya fito da shi. Har gobe 'yan layi shagon Yaya suke cewa, har waɗanda suka girmi marigayin, kuma duk lokacin da aka faɗa sai Auta ya ji kamar an taka masa ɗan yatsa. Shi dai Injiniya ya sa aka buga masa a kati. 'Yan layi kuwa Bari-in-gani suke kiransa, saboda abin da ke fita daga bakinsa ke nan kafin fankar mutum ta daina juyawa, ko rediyonsa ya yi shirun da ba ya sake magana.

A cikin baƙin akwatin nan akwai wani bidiyo gajere ƙwarai. Yaya ne yana gwada sabuwar kyamara, bai ma san ta kama ba. Ya yi 'yar magana, ya yi dariya, ya juya baya, shi ke nan. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana adana fuskokin jama'a, motsinsa da ya rage a duniya ke nan, kuma babu shi a ko'ina sai a nan. Kullum Auta yana cewa zai kwafe shi ya ajiye a wani wuri, kullum kuma hannunsa ba ya iya zuwa kan fayil ɗin sai don kunnawa. Da la'asar mahaifiyarsu, Inna, takan tako a hankali daga gida, ta zauna a kujerar ɗaga haɓa. Auta ya kunna mata, ya rage sauti can ƙasa yadda ita kaɗai za ta ji, ya fita bakin ƙofa ya ce iska zai sha. In ta gama ta goge ido da bakin mayafi, ta ce masa ya share shagon nan ya yi ƙura, ta tafi.

To, wannan kwamfutar ce Auta ya zaɓa ta zama wurin wanki.

A shagon mai aski ya fara wa'azinsa, domin nan ne mutane ba sa iya gudu, ana riƙe da kansu. Ya ce mai gadin kwamfuta, wato manhajar da ke kama bairos, irin na da, wanda ake saye a faifai, haddace fuskokin ɓarayi yake yi a kansa, har kan ya yi nauyi, kwamfutar ma ta yi nauyi, kuma in sabon ɓarawo ya zo sai ya gaishe shi ya buɗe masa ƙofa. Na yanzu kuwa ɗan siriri ne, kyauta ake sauke shi, ba ya ɗaukar kaya a ka. In baƙon fayil ya zo, sai ya ɗauki zanen yatsansa ya aika ta intanet zuwa wasu manyan kwamfutoci a wata uwa duniya, tsarin gajimare ake ce masa, su duba ko an taɓa kama mai wannan yatsa a wani wuri. Kafin ka ƙifta ido amsa ta dawo: a bar shi ya wuce, ko a kulle shi. In kuma ba a san shi ba sam, sai a tura shi can gaba ɗaya a tuɓe shi a bincika. Ɓarawon da aka kama da safe a ƙarshen duniya, in ji Auta, kafin azahar mai gadinka ya san kamanninsa.

Duk wannan gaskiya ne. Abin da ke sa Auta ya zama haɗari ke nan: rabin farko na maganarsa yakan zama daidai.

Mai aski, wani dogo mai ƙaramin gemu wanda tun suna yara ba sa ga maciji da Auta, ya kashe kilifa ya tambaye shi, in babu intanet fa?

"In babu kilifa kai me kake yi?" in ji Auta.

"Sai in ce mutum ya dawo gobe. Kai kuwa na san bakinka ba zai iya faɗin haka ba."

Auta ya ce ai shi ba ya musu da mutumin da iliminsa ya tsaya a fatar kai, bai taɓa leƙa ciki ba. Mai aski ya ce gara shi, ya san inda zai tsaya. Wanda ake yi wa askin ya roƙe su su bari a gama masa ɗaya gefen.

Rabi na biyu na tunanin Auta shi ne: tunda abin kyauta ne, me zai sa a tsaya a ɗaya? Gidan babban mutum ai ba mai gadi ɗaya ake sa masa ba. Ya zauna ya sauke guda biyar, kowane da launinsa: kore, shuɗi, ja, rawaya, da wani baƙi mai ƙararrawa. Kowane ya zo shiga sai ya yi gargaɗi cewa ya tarar da wani mai gadin a ciki, a cire wancan tukuna don kada su yi karo. Auta ya yi dariya, ya ce hassada ce irin ta ma'aikata, kowa yana so a ce shi kaɗai ne. Ya danna musu "ci gaba" ɗaya bayan ɗaya kamar mai raba wa yara alewa.

Kwamfutar Yaya, wadda da take buɗewa kafin mutum ya gama gyara zama, ta koma tana nishi. Fankarta ta riƙa gurnani kamar babbar mota a hawan tudu. Kyanwar mai kemis ta gano cewa babu wuri mai ɗumi a layin kamar saman kwamfutar, ta tare a nan. In Auta ya motsa linzami, sai kibiyar ta yi tunani, ta yi shawara da 'yan uwanta, sannan ta bi shi. Ya gaya wa telar da ke maƙwabtaka da shi, wata mata mai faɗa da fara'a a lokaci guda, cewa wannan alamar aiki ne: in ka ga gida ya yi shiru da nauyi, to tsaro ya yi ƙarfi. Ta ce ita ma kekenta ya taɓa yin irin wannan tsaron, ashe zare ne ya cushe.

Intanet ɗin layin kuwa na mai kemis ne. Shi ya sa akwatin waifai a shagonsa, ya ba maƙwabta lambar sirri don zumunci. Mutum ne mai sanyin magana, wanda ko gobara zai sanar sai ya fara da sallama. Masu gadi biyar suka hau hanyar nan gaba ɗaya, kowane yana sauke kayan aikinsa, kowane yana aika duk abin da bai gane ba, kuma babu abin da kowannensu ya kasa ganewa kamar sauran huɗun. Ranar Juma'a ƙwallon da ake kallo a shagon aski ta tsaya cak, ɗan wasa ya ɗaga ƙafa zai buga, ya zauna a haka har wani ya je ya sayo ruwa ya dawo. Tela ta aika wa mai kaya hoton ɗinki, saƙon ya yini yana zagaye. Da aka zo wa Auta da ƙorafi, ya tsaya a tsakiyar layi ya ce laifin akwatin mai kemis ne, irin na araha ne, kuma nan gaba kaɗan shi zai riƙa ba su intanet daga nasa shagon, su daina wahala da na masu sayar da maganin tari.

Mai kemis ya dai gyara tabarau. Da safiyar Asabar ya canza lambar sirri, ya bi shaguna yana raɗa wa kowa sabuwar, ya tsallake ƙofa ɗaya.

Auta bai lura ba sai da ya gama shiri. Ya aro babban talabijin ɗin mai aski da sifikunsa, ya kafa su a ƙofar shago ya haɗa da kwamfuta, don jama'a su ga wanki da idonsu. Mai aski ya ba da aron da hannu biyu, ya ce abin da zai faru yau bai kamata a kalle shi a ƙaramin allo ba. Auta ya sa farar riga, ya rataya tsohon katin aikin wani kamfani a wuya ya juya rubutun ciki. Mutane sun riga sun fara taruwa, kowa da filashinsa a hannu, lokacin da ya ga wata 'yar alama a ƙasan allon: intanet ya yanke. Masu gadi suka faso da saƙo ɗaya bayan ɗaya, kowane yana cewa ba ya iya jin cibiya, wato manyan kwamfutocin nan da yake tambaya, kariya ta ragu.

Gumi ya tsattsafo masa a ƙeya. Ya dubi shagon kemis, ya tuna maganin tari. Ya dubi wayarsa, wadda tun makon da ya ce bari ya gani ba ta aikin komai sai tocila. Ya dubi jama'a. Sai ya rufe saƙonnin da sauri, ya yanko baƙin salatif ya liƙe kusurwar talabijin inda alamar take. Da tela ta tambaye shi na mene ne, ya ce wurin yana fitar da wani haske mai cutar da ido, shi kuma ba ya wasa da lafiyar jama'a.

Mai aski ne ya kawo mutum na farko, kuma da gangan ya zaɓo shi: wani direban bas mai filashin waƙoƙi da ya shiga kowace kwamfuta a tasha da kasuwa, har marfinsa ya ɓata an ɗaure shi da roba. Auta ya karɓa da yatsu biyu, ya ɗaga sama kowa ya gani, ya soka.

Fanka ta yi gurnani. Can sai baƙin mai gadi ya buga ƙararrawa: ya kama ɗaya. Wani tsohon bairos ne, tsohon da ko ba a tambayi cibiya ba yana cikin 'yan fuskokin da mai gadin ya riƙe a kansa. Layi ya ɗauki tafi. Auta ya rusuna dama, ya rusuna hagu, ya nemi mai aski da ido ya tambaye shi ko yana da sauran tambaya game da intanet. A daidai lokacin da yake rusunawa, wani sabon bairos da ke cikin filashin, wanda babu mai gadin da ya san fuskarsa kuma babu hanyar tambaya, ya sauko a hankali ya wuce ta tsakaninsu biyar ya sami wuri ya zauna.

Daga nan aiki ya kankama. Auta ya soka, allo ya yi kore, ya zare, ya goge filashin da hankici, ya hura masa iska, ya miƙa wa mai shi da hannu biyu. Ya fara ba da shawarwari kyauta a kai: kada a ajiye filashi kusa da gishiri, kada a ba shi aro ranar da aka wanke shi. Wata tsohuwa ta miƙo makullin gidanta ta ce a haɗa, ya karɓa ya goge mata. Tela ta kawo nata, wanda ta tara hotunan samfurin ɗinki na shekaru a ciki, lafiyayye ƙalau, aka wanke ta tafi.

Ba ta daɗe ba ta dawo, tef ɗin awo yana lilo a wuyanta. Ta ce ta sa filashin a kwamfutar 'yarta don nuna wa mai kaya samfuri, kowace folda ta fito da wata 'yar kibiya a gindinta, kuma in an danna babu abin da ke buɗewa.

Nan fa aka ga baiwar Auta. Ko ƙifta ido bai yi ba.

"Hajiya, wannan ai hatimi ne. Duk abin da aka wanke sai an buga masa kibiya, don a bambanta shi da mai datti. Rashin buɗewar kuma, bai gama bushewa ba ne."

Tela ta tsaya tana juya maganar. Kafin ta gama juyawa, wani mutum a baya ya ce shi ya duba nasa bai ga kibiya ba, ke nan an yi masa wankin ganin ido. Wani ma ya ce haka. Nan take layi ya rabu biyu, masu hatimi suna taƙama, marasa hatimi suna cewa ana son kai a wurin nan. Auta ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa, ba za a bar kowa a baya ba. Ya sake karɓar filashinsu, ya soka ya bar su suka jima, har sai da kowa ya sami kibiyarsa ya tafi yana godiya. Tsohuwar mai makulli ta ce nata fa? Ya zana mata da maka.

Mai kemis ne ya zo a ƙarshe, da sallamarsa. Aka wanke nasa, ya sami hatimi, ya koma shagonsa ya soka a tasa kwamfutar, wadda mai gadi ɗaya tak gare ta amma tana haɗe da intanet. Ihun da ta yi sai da kyanwa ta faɗo daga kan kwamfutar Yaya a can ɗaya shagon. Ya dawo a hankali, ya sake yin sallama, ya tambayi Injiniya yadda aka yi nasa guda ɗaya yake kuka, su kuma biyar suna zaune kamar an ba su maganin barci.

Auta ya ce ƙaramin mai gadi ne, tsoro gare shi, ko inuwa ya gani sai ya yi ihu. Yana cikin bayani, mai aski ya matso kamar zai gyara tsayuwar talabijin ɗinsa, ya sa farce ya ɓare salatif.

Alamar ta bayyana, ƙatuwa, kowa ya gani. Wani ya karanta wa na baya. Mai aski ya ce ashe hasken da ke cutar da ido ke nan, shi kam ya kalla kuma idonsa ya ƙara buɗewa. Auta ya ce an yanke ne don kada bairos ya sami hanyar kiran 'yan uwansa. Mai kemis ya ce to bari a mayar a gani, ya sunkuya ya buga sabuwar lambar da yatsa ɗaya, yana kare ta da ɗaya hannun.

Masu gadi biyar suka farka a tare.

Kowane ya aika tambaya, kowane amsa ta dawo masa, kuma amsar ɗaya ce. Kore ya koma ja. Shuɗi ya koma ja. Ja ya rasa launin da zai koma sai ya fara walƙiya. Baƙi ya saki ƙararrawarsa ta cikin sifikun mai aski, har masu mota a bakin titi suka riƙa kaucewa gefe suna ba motar asibiti hanya. Duka biyar suka kama ɓarawo guda, kowa yana ja: wannan ya kulle shi a ɗakinsa, wancan ya fasa ɗakin ya ɗauke shi ya kai nasa, na ukun ya ga ana fasa ɗaki ya kama mai fasawar. Rawaya ya sanar cewa shuɗi ne babban ɓarawon. Ana tsakiyar wannan dambe sai kore ya faso da talla, yana tambaya cikin ladabi ko maigida yana son ya koma irin na biya, akwai rangwame.

Layi ya kece. Direba ya zauna a ƙasa yana dukan cinya. Tela tana dariya tana zagi, tana cewa a mayar mata da samfurinta ko ta auna Injiniya da almakashi. Masu hatimi suka riƙa ɓoye filashinsu a aljihu, tsohuwa tana goge makullinta da zani. Sunayen abubuwan da aka kama suna ta gudu a allo kamar ruwan sama a kwano, sai ga tambaya da manyan haruffa: a goge duka?

Auta ya ga mafita. Ya hau kan benci, ya ɗaga hannu, ya ce wannan shi ne shirin tun farko. Da gangan ya kwantar da masu gadi, ya bar ɓarayin layin nan duka suka taru a ɗaki ɗaya suna ganin gari ya yi lafiya, sannan ya tashe su. Dabara ce ta manya, ba kowa zai gane ba, balle mai aski. Jama'a suka ce to ya goge. Ya sauko, ya naɗe hannun riga, ya ɗaga yatsa sama ya juya shi a iska, ya danna.

Sunaye suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Yana murmushi yana kallo, har idonsa ya sauka a kan wani da ya sani kamar tafin hannunsa, yadda Yaya ya rubuta shi da kuskuren harafi ɗaya: gwajin sabuwar kyamra. Sunan ya tsaya a allon ɗan lokaci kaɗan. Ya ɓace.

Sai a lokacin ya dubi bayan kwamfuta. Baƙin akwatin yana nan maƙale da wayarsa, 'yar fitilarsa tana ƙiftawa. Tun safe yana nan. Duk filashin da aka soka, yana haɗe aka soka. Auta ya kama linzami, kibiya ta ja ƙafa ta isa, ya buɗe akwatin. Fari fat, babu ko folda ɗaya.

Ƙararrawa tana ta bugawa amma ya daina jin ta. Mai aski ya buɗe baki zai saki wata baƙar magana, ya ga fuskar Auta, ya dubi allon, ya mayar da bakin ya rufe. Shirun ya bi layi daga gaba zuwa baya, domin babu wanda bai san abin da ke kawo Inna shagon kullum ba. Kuma rana ta riga ta karkata. Can ƙarshen layi ga mayafinta, tana tafe a hankali, tana kauce wa kwata.

Mutane suka dare mata. Ta dubi taron, ta dubi talabijin a waje, ba ta tambayi komai ba. Ta ce a fito mata da kujerarta tunda yau nan aka koma. Direba ya ɗauko ya goge da hularsa. Ta zauna, ta gyara mayafi, ta ɗora hannuwa a cinya.

"Auta, sa mini."

Auta ya ce to, Inna. Ya juya mata baya, ya buɗe manhajar kallon bidiyo don kawai ya sami abin yi da hannunsa, yana harhaɗa ƙaryar da zai faɗa. Ya fara cewa, Inna, yau sabis ne babu kyau, ko za a bari sai gobe. Yana faɗa yatsansa ya danna maɓallin kunnawa, yadda ya saba dannawa kullum ba tare da ya duba ba.

Fuskar Yaya ta cika talabijin.

Abin da babu wanda ya sani a wurin shi ne, irin wannan bairos ba ya cin kaya. Ɓoye su yake yi, ya jera na bogi masu kibiya da sunayensu. Na bogin ne masu gadi suka goge. Na gaskiyar yana kwance a inda yake, ido ne kawai ba ya ganinsa, manhajar kuma ta riƙe hanyar abin da ta saba kunnawa.

Ga shi nan da tsohuwar rigarsa mai aljihu a ƙirji, ya matso da ido kusa da gilashi, ya ja baya. Kuma yau babu wanda ya rage sauti. Muryarsa ta fito ta sifikun mai aski ta cika layin, muryar da aka daɗe ba a ji ta a nan ba.

"Ta kama kuwa? Kai Auta, cire hannunka daga nan. Don Allah kada ka taɓa mini komai."

Wani ya fashe da dariya ya toshe baki. Tela ta yi dariyar ita ma, ta ƙarasa ta cikin tef ɗin awo tana share ido. Mai aski ya juya ya tsura wa bango ido kamar yau ya fara ganinsa.

Sai dai masu gadi ba su daina dambe a bayan fage ba, kwamfutar kuma ba ta da sauran numfashi. Bidiyon ya riƙa tafiya yana tsayawa. Yaya ya fara dariya, ya tsaya da baki a buɗe, idonsa ya ƙanƙance, haske a gefen kumatunsa. Ya jima a haka. Ya motsa kaɗan, dariyar ta fito gutsure, ya sake tsayawa yana kallon mutanen layinsa ɗaya bayan ɗaya.

Auta ya share fuska da hannun farar riga, ya ce da wata murya da ba tasa ba, Inna, yana sarƙewa ne, yanzu zai gyara. Ya miƙa hannu zuwa linzami.

Ta buge hannun ba tare da ta ɗauke ido daga allon ba.

"Ba ka ji abin da yayanka ya ce ba? Bar shi. Kullum kafin in gama kallonsa ya juya ya tafi. Yau ya zauna."